Idan Likita Ya Ce A Koma Gida, Wa Zai Riƙe Ragamar Jinya?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake nuna mana wata Juma'ar, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa maza da mata, makonni biyu da suka wuce mun yi karatu a kan wankan gawa da likkafani. Da aka tashi, wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, kun koya mana abin da za a yi bayan rai ya fita. To watannin da ke gabansa fa, lokacin da mutum ke kwance yana nishi, su wa zai koya mana?" Ban sami abin ce masa ba a ranar. Tambayarsa ce ta haifi darasin yau.

Zan ɗauki misali daga gida, wato Kafanchan da ƙasar Kudancin Kaduna, don nan na fi sani, kuma da yawa cikin masu sallah a masallacin nan can iyayensu suke: wasu a cikin gari, wasu a Zangon Kataf, Kachia, Jagindi ko Gidan Waya. Mu muna nan Sabo a Ibadan muna neman abinci, tsofaffinmu suna can. Wanda nasa ke Kano ko Katsina ko Maraɗi, ya canza sunan garin kawai.

Kawuna ɗan kasuwar citta ne, irin waɗanda ke bin kasuwannin Kachia da Kwoi suna tara buhuna a sito har farashi ya ɗaga. Ciwon hanta ya kama shi, ciki ya kumbura, idanu suka yi rawaya. Muka yi ta yawon asibiti da shi har muka dangana da wani babban asibiti, inda bayan hoto da gwaje-gwaje likita ya kira mu gefe ya ce ciwon daji ne, ya riga ya bazu, mu kai shi gida mu ci gaba da addu'a. Muka ɗauko shi. Wata huɗu ya yi a kwance kafin Allah Ya karɓi abinSa.

Watan farko, wallahi ba na son tuna shi. 'Ya'yansa maza uku da ni duk muna nesa, biyu a nan, ɗaya a Legas, ɗaya a Fatakwal. Kowa ya bugo waya da nasa umarnin. Wannan ya aiko da sassaƙe daga wajen wani mai magani, wancan ya ce a kira mai kemis ya ɗaura ruwa, ni kuma na dage a sake kai shi wani asibitin. Kuɗi na ta fita, kawu bai bar ihu da dare ba. Waɗanda ke ɗakin dare da rana kuwa, amaryarsa ce da 'yar autarsa, yarinya 'yar shekara 17. Babu wanda ya taɓa tambayarsu me suka gani. Umarni kawai muke jefa musu.

Allah Ya kawo mana sauƙi ta hannun wata maƙwabciya, tsohuwar nas da ta yi ritaya, 'yar Bajju ce, Kirista, duk layin Mama suke ce mata. Ihun ne ya hana ta barci har ta shigo dubiya. Da na je gida ta same ni a zaure ta ce, "Malam, ka yi haƙuri in faɗa maka gaskiya. Mutum nawa ne ke tuƙa jirgin nan?" Na ce, "Mama, ban gane ba." Ta ce, "Na leƙa ƙarƙashin gadon Alhaji, kwalaben magani sun fi goma, daga hannun mutum biyar. A garin nan na layin dogo ko yaro ya san jirgi direba ɗaya gare shi."

Abin da ta yi ba wani abin mamaki ba ne. Ta sa aka sayo littafin rubutu irin na 'yan firamare, ta damƙa wa yarinyar, ta ce duk abin da ya sha da lokacin da ya sha a rubuta. Ta koya wa kawu ya nuna zafin ciwonsa da yatsun hannu, daga babu zuwa biyar, safe da yamma, shi ma a rubuta. Ta nuna musu yadda ake juya shi duk bayan awa biyu don kada baya da ƙugu su yi gyambo, da yadda ake goge masa baki da tsumma mai laushi. Ta kwashe magungunan da ke ƙara wa hanta da ƙoda wahala. Sannan ta tura ni in koma wajen likita da littafin a hannu, in ce masa ba warkewa muka zo nema ba, maganin zafi mai ƙarfi muka zo nema. Aka rubuta. Cikin kwana biyu kawu ya yi barci, ya koma yin sallah a zaune.

Sai ta zo kan magana mai nauyi. Ta ce, "An gaya masa?" Na ce, "Haba Mama, ai sai zuciyarsa ta buga." Ta ce a bar ta da shi, ni dai in zauna. Ba ta ce masa zai mutu ba, wannan ba sanin kowa ba ne. Tambayarsa ta yi, "Alhaji, kai me kake gani game da ciwon nan?" Ya yi shiru, can ya ce, "Na sani tuntuni. Ku nake tausayi, shi ya sa ban faɗa ba. A ɗauko mini littafin sito." Ashe kusan rabin buhunan da ke sitonsa ba nasa ba ne. Ajiyar manoma ce, har da ta wata mata da mijinta ya rasu, kuma babu takarda ko ɗaya, duk a kansa suke. Da mun ci gaba da ce masa "jiki ya yi sauƙi," da magada sun raba haƙƙin mutane ba su sani ba. Ku 'yan kasuwa ne, kun fi ni sanin yawan bashi da ajiya da adashin da ke cikin kan kowannenku, waɗanda ba a rubuta ba.

Wannan aiki da Mama ta yi fanni ne mai zaman kansa a ilimin likitanci. Mu kira shi jinyar sassautawa: kula da wanda cutarsa ba ta jin magani, kamar ciwon daji da ya yi nisa, ciwon ƙoda ko hanta ko zuciya da ya kai matuƙa, shanyewar ɓarin jiki, ko tsufa mai kwantarwa, domin a rage masa zafi da fargaba, a kuma tallafi iyalinsa. Ba a gaggauta ajali da ita, ba a kuma ja shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 56 ne ke buƙatarta a kowace shekara, amma kimanin kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu. A 2014 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin da ya nemi kowace ƙasa ta shigar da ita cikin tsarin lafiyarta.

Wadda ta ɗora harsashin fannin a wannan zamani wata 'yar Ingila ce, Cicely Saunders. Da aikin nas ta fara, ta koma jami'ar jin daɗin marasa lafiya, sannan ta koma makaranta ta zama likita, kuma a 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan. Ita ce ta nuna cewa zafin mai ciwon ajali a dunƙule yake: akwai na jiki, akwai na zuciya, akwai na tunanin iyali da abin da za su ci, akwai na tsakaninsa da Ubangijinsa. In ka yi maganin ɗaya ka bar sauran, nishin ba zai tsaya ba. Littafin sito da kawu ya nema yana cikin maganinsa.

A Afirka kuma sunan da ake ambata shi ne na Dokta Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aikin likita a kudu maso gabashin Najeriya kafin daga baya ta kafa Hospice Africa Uganda a Kampala a 1993. Ta kawo dabarar haɗa ruwan mofin na sha mai araha: garin magani, ruwa mai tsabta da ɗan sinadarin da ke hana shi lalacewa. A farko a robobin ruwan sha da aka wanke ake zubawa. Babban abin da ya canza Uganda shi ne dokar 2004, wadda ta ba nas-nas da suka sami horo na musamman izinin rubuta mofin, tunda likitoci ba za su isa ƙauyuka ba. Dokta Merriman ta rasu a 2025. A nan gida, ga shi kusa da mu, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta ne suka dage har aka buɗe sashen wannan jinya a Asibitin Koyarwa na UCH a 2007, kuma a shekarar aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa. A 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan fannin.

Abin da nake so mu lura da shi a wannan tarihi: ko'ina mutum ɗaya ne ya koya, ya tsaya kai da fata, ya koyar da wasu, ya yi ta zarya ofis-ofis har hukuma ta saurara. Gini daga baya yake zuwa. Mu kuwa da an ce taimakon lafiya, bulo da kwano ke faɗo mana a rai, a kafa allo da sunan mai bayarwa. Ba laifi ba ne, amma na ga ɗakin shan magani da aka gina da kuɗin 'yan kasuwa, yau awaki ke kwana a barandarsa.

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan. Ayari ba ya tashi sai da madugu. Ba lallai ya fi kowa jari ba. Shi ne dai ya san hanya da zango, shi ke magana da sarakunan ƙasashen da za a ratsa, shi ke cewa yau a yada zango don akwai wanda ya gaza. Yana da jagaba a gaba, yana da malamin ayari, kowa da aikinsa. Kuma ba a wayi gari an zama madugu ba, sai yaro ya yi shekaru yana bin wani. To jinyar mai dogon ciwo ma tafiya ce da mutane da yawa: likita, nas, mai haɗa magani, liman, matan gida, 'ya'yan da ke nesa masu aiko da kuɗi. Tana buƙatar madugu, kuma a ƙasarmu mafi yawanci nas ce ko ma'aikacin ƙaramin asibiti zai zama shi, don su ne ke kusa da mutane.

Me ake koya wa irin wannan madugu? Sanin magani yana ciki, amma shi ne mai sauƙin koyo. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsani mai hawa uku: ƙaramin zafi a ba da irin su farasitamol, in ya ƙaru a hau zuwa matsakaici irin su kodin ko taramol, in ya tsananta a ba da mofin. A ba da ta baki matuƙar mutum na iya haɗiya, a kuma ba da bisa agogo, kada a jira sai ya fara ihu. Ruwan mofin na sha duk bayan awa huɗu ake ba da shi, kuma kusan kullum yana ƙulle ciki, don haka tare da maganin sakin ciki ake fara shi. Wannan nas mai himma za ta haddace cikin 'yan kwanaki.

Mai wuyar shi ne magana. Yadda za ka tara iyali a zaure, babban wa yana cewa a sayar da gona a tafi Indiya, uwargida na kuka, ƙanin baba yana cewa sammu ne, ka saurari kowa ba ka kunyata kowa ba, amma a tashi da shawara ɗaya. Yadda za ka gane iya abin da mara lafiya ke so ya sani, ka ba shi daidai nan, kada ka danƙara masa abin da bai tambaya ba, kada kuma ka yi masa ƙarya. Yadda za ka gaya wa ɗa mai son mahaifinsa cewa ɗura masa kunu da ƙarfi a kwanakin ƙarshe ba gata ba ne, don jiki ya daina karɓa kuma yana iya shaƙewa. Kai, wannan ta fi kowacce wuya a wajenmu, don mu Hausawa a abinci muke nuna ƙauna. Ana koyon waɗannan ne ta zama kusa da wanda ya iya, da gwaji tsakanin ɗalibai, wannan ya zama mara lafiya, wancan ya zama ɗansa mai fushi, malami na gyara musu.

Sai kuma magana da na sama. Nas da ta ga marasa lafiyarta na birgima amma ɗakin magani babu mofin, dole ta iya rubuta wa shugaban asibiti, ta kawo lissafi: mutum kaza muka sallama a wata uku da ciwon da ba ya warkewa, kaza daga ciki suna da zafi mai tsanani. Hukuma ba ta jin kuka, lissafi take ji. A makarantun jinya an fi koya wa ɗalibai bin umarnin likita, ba a cika koya musu tsayawa gaban kwamiti ba. Horon jagoranci shi ke cike wannan giɓi.

Akwai kuma kula da ma'aikatan kansu. Wanda ke ganin mutuwa kowane mako, in ba a ba shi hutu da wurin fitar da abin da ke ransa ba, ko dai zuciyarsa ta bushe ya koma yi wa marasa lafiya tsawa, ko ya ajiye aikin. Da ma ga nas-nas ɗinmu na ta ficewa zuwa Saudiyya da Birtaniya. Madugu nagari yana lura da wanda ya gaji a cikin ayarinsa.

Na ƙarshe shi ne yaye wasu. Ubangida a kasuwa yakan riƙe yaro shekaru, ya koya masa awo da lissafi, sannan ya sallame shi da jari. Mama yanzu ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Duk lokacin da na je gaishe ta sai in tambayi kaina, wa aka ba ta ta yaye? Amsar ita ce babu. Ba laifinta ba ne, babu wanda ya tura mata kowa.

Bari in tsaya kan mofin, don na san wasu tun da suka ga sunan gabansu ya faɗi. Muna da dalili. Mun ga abin da kodin da taramol suka yi wa matasanmu da matan aure, har gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Amma tsoron nan ya sa muna barin tsofaffinmu cikin azaba. Mai shaye-shaye maye yake nema. Mai ciwon daji, in likita ya auna masa daidai zafinsa, sauƙi yake samu, har hankalinsa ya dawo ya iya zikiri da magana da 'ya'yansa. Malamai sun halatta irin wannan magani saboda larura, gwargwadon larurar, a hannun masani. Neman sauƙin ciwo bai saɓa wa tawakkali ko haƙuri ba. Abin da ya haramta shi ne ba wa mutum abu da nufin kashe shi wai don tausayi, kuma wannan jinya ba ta yarda da hakan ba. Sharuɗɗan a bayyane suke: da takardar likita, ba daga kemis ɗin bakin tasha ba, a kulle shi a akwati, mabuɗin a hannun mutum ɗaya, a rubuta duk abin da aka ba da, abin da ya rage bayan rasuwa a mayar asibiti. Gidan da ke da samari, wannan kullewa ba wasa ba ce.

To me ke akwai a gida? Kafanchan ba ta rasa tushe ba. Akwai Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Jihar Kaduna a cikin gari, tana yaye ɗalibai duk shekara. Akwai babban asibitin da aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, wanda a 2025 aka amince a mayar da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Akwai asibitin St Louis a Zonkwa da makarantarsa. Akwai Gidauniyar Fantsuam a Bayan Loko, da aka kafa a 1996, wadda ta daɗe tana aiki da mata da ƙauyuka. Manyan asibitocin koyarwa kuwa suna Jos da Shika ta Zariya, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar mai ciwon ƙashi a mota daga Kafanchan zuwa Zariya ya san kowane rami a hanyar da ihun da ke biye da shi. Ra'ayina shi ne lokacin da asibiti ke canza hannu, ana tsara sabbin sassa ana ɗaukar sabbin ma'aikata, shi ne lokacin da ya kamata jama'a su nemi a ware wa wannan jinya ko da ɗaki ɗaya da nas biyu masu fita unguwanni. In an gama rabon ofisoshi, shigar da sabon abu sai an sha wuya.

Akwai abin da ya keɓanci ƙasarmu, ba zan tsallake shi ba. Mun ga 1987, mun ga Zangon Kataf a 1992, mun ga 2011, kuma wasunmu dalilin zamansu a nan ke nan. Ba zan tono ba. Amma har gobe a asibitocin yankin, hannun da ke juya tsohonka sau da yawa na Bajju ne, ko Atyap, ko Kagoro, ko Kaninkon, ko Fantswam, ko Ham. Duk wanda zai jagoranci wannan aiki a Kafanchan sai ya zama wanda ake buɗe wa ƙofa a kowane ɓangaren gari. Nas Kirista tana buƙatar a koya mata abin da muke so a ƙarshen rai: a fuskantar da mutum alƙibla in zai yiwu, a tuna masa kalmar shahada a hankali ba da takurawa ba, in ya faɗa a ƙyale shi, a kiyaye tsiraicin mace, kada a riƙe gawa da dogon cike takardu don muna gaggauta jana'iza. Namu yaran da ke aikin jinya su ma su san lokacin da maƙwabci zai so a kira masa fasto, su ba iyalinsa wuri su yi addu'arsu. Mama ta san namu sarai. Daren da numfashin kawu ya canza, ita ta ce wa yarinyar, "Je ki taso liman," sannan ta fita ta zauna a tsakar gida.

Wani zai ce duk wannan aikin gwamnati ne, mu me ya shafe mu? Ku dubi jihar Kerala a Indiya. A 1993 wasu likitoci, cikinsu akwai Dokta M. R. Rajagopal da Dokta Suresh Kumar, suka buɗe ɗan ƙaramin wurin kula da masu zafin ciwo a birnin Kalikut. Da suka ga asibiti ba zai iya kaiwa ga kowa ba, a farkon shekarun 2000 suka koma horar da mutanen unguwa: malaman makaranta, masu shaguna, direbobi, ɗalibai. Gundumar Malappuram, inda Musulmi suka fi yawa, tana cikin wuraren da abin ya fi kankama, kuma ƙungiyoyin Musulmi sun sa hannu sosai. Kuɗin daga ƙananan gudummawar jama'a yake fitowa, har da akwatunan da ake ajiyewa a shaguna. 'Yan sa-kai ke gano mara lafiya su riƙa ziyartarsa, nas na zagayawa gida-gida, likita na bayansu. Sai a 2008 gwamnatin jihar ta mayar da shi manufarta. Jama'a ne suka riga gwamnati.

Mu muna da abin da za mu fara da shi. Muna da 'yan agaji masu kaki a kusan kowane masallaci, waɗanda suka iya tsare sahu da ɗaukar makara. Muna da matan Islamiyya da na FOMWAN da ke shiga kowane gida. Dubiyar mara lafiya haƙƙi ne a kanmu, kuma in mutum ya kwanta ba mai kula da shi, laifin na hawa kan duk wanda ya sani. Abin da ya rage shi ne dubiyar ta wuce "sannu, Allah Ya sawwaƙe" da ledar lemo. Shawarar da na kai wa kwamitin masallaci ita ce mu ɗauki nauyin nas biyu daga gida, mace da namiji, waɗanda ke kan aiki kuma ba su da niyyar barin yankin, su zo nan UCH su ga yadda ake yi, in hali ya yi ɗaya ya wuce Kampala inda ake ba da cikakken horo. Sharaɗin shi ne in sun koma kowanne ya koyar da 'yan agaji da mata, ya kuma ɗauki ƙaramin ma'aikaci ɗaya yana yawo da shi. A zaɓe su don cancanta. In aka fara "ɗan wane ne" ko "'yar ƙungiyarmu ce," gara a bar kuɗin a asusu. Sannan dattawanmu su kai maganar fadar Sarkin Jama'a da shugabannin asibiti, tare da takwarorinsu na coci, don buƙatar da ta fito daga ɓangare biyu ta fi wuyar turewa.

Kafin wannan ya tabbata, akwai wanda ke hannun kowane magidanci yau. In naka ya kwanta a gida kai kana nan, ku zauna ku naɗa mutum ɗaya da zai yi magana da likita, sauran su bi ta kansa. Kafin ka ba da umarni ta waya, ka ce a ba ka wadda ta kwana a ɗakin ka tambaye ta abin da ta gani. Cikin kuɗin da kake aikawa ka ware nata, ka kuma nemi mai karɓarta ta huta, don ba za ta taɓa tambaya ba. Mu ba mu yi haka ba. 'Yar autar kawu ta rasa jarrabawar fita sakandare a shekarar, kuma sai bayan sadakar arba'in muka lura. Ta sake zama a shekara mai zuwa, amma ni har yau ina jin nauyinta.

Kwamiti zai zauna ranar Lahadi bayan La'asar a kan maganar ɗaukar nauyin. Duk wanda ke da ɗa ko 'ya ko ƙanwa da ke aikin nas a can gida ya ba ladan sunan kafin ranar. Mata kuma nasu zaman ranar Asabar ne da hantsi a ajin Islamiyya, inda wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya za ta nuna yadda mutum biyu ke juya mara lafiya mai nauyi ba tare da sun ji wa bayansu ciwo ba. Kowacce ta zo da tsohon zanin gado.